Daga Tarabulus Zuwa Haɗeja: Tarihin da Ya Ɓuya a Cikin Kayan Gara

A hunturun bara ne aka sa ranar auren 'yar yayata a Haɗeja. Da aka zo rabon aiki, sai aka ɗora mini sayen kayan gara, wai don ni ne mai yawo cikin gari. Na ɗauka aikin wuni ɗaya ne. Na shiga gidajen burodi har huɗu ina tambayar dubulan da alkaki. Ko'ina burodi ne jibge, da kek, da cincin a leda. A na ƙarshen wani saurayi mai fara'a ya ce da ni, "Baba, ai wannan aikin tsofaffi ne, sai dai ka shiga cikin gari." Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin kuwa gaskiya ya faɗa.

Cikin garin kuwa na shiga. Aka yi ta nuna mini hanya daga wannan lungu zuwa wancan, har na isa gidan wata dattijuwa wadda ta haura shekara saba'in. Bayan mun gaisa na faɗi abin da ke tafe da ni, sai ta ce, "Ɗan nan, na gaggawa kake so ko na ƙwarai? In na gaggawa ne, ga yara nan suna yi. In na ƙwarai ne, sai ka ba ni kwana uku." Na ba ta kwana uku.

Ranar da aka kawo kayan, akwai wani aminina a wurin, wanda ya yi shekaru yana aiki a ƙasar Libiya. Ya ɗauki dubulan guda ya jujjuya shi, ya gutsura, sa'an nan ya ce, "Wannan ai dibla ce. Haka ake yin ta a Tarabulus da azumi." Wannan magana ita ce ta sa ni bin sawun abin, kuma abin da na tarar shi ne nake son in gabatar wa 'yan uwa marubuta a wannan fitowa.

Sunayen su ne shaidar farko

Duk mai son tarihin abinci, to ya fara da sunansa, domin suna yakan riƙe abin da mutane suka manta. Mu dubi faifan gara. Alkama kanta daga Larabci take, watau al-ƙamh. Alkaki daga al-ka'ak yake, sunan da ake kiran wani abin toyi mai siffar zobe tun daga Sham har Magariba. Gireba ita ce guraiba, wadda ake yi da gari da mai da sukari, mai narkewa a baki. Alewa daga halawa take. Bakilawa kuwa ita ce baklawa ta ƙasashen da Turkawa suka mulka, Tarabulus kuma tana cikinsu. Gurasa daga kalmar Larabci ta abu mai faɗi kewayayye take, tanderun da ake gasa ta ciki kuma shi ne tannur. Dubulan, kamar yadda aminina ya ce, dibla ce, kalmar da a Larabcin wasu ƙasashe take nufin zobe.

Ka ga ke nan kusan duk abin da aka yi da alkama a cikin gara sunan baƙo gare shi. Amma dubi nakiya, wadda ake yi da shinkafa da zuma da kayan yaji. Dubi kantu na riɗi, da dakuwa ta aya. Waɗannan sunayensu na gida ne, kayan haɗinsu ma na gida. Faifan amarya guda ɗaya yana ɗauke da tarihi iri biyu: abin da kakanninmu suka ƙaga, da abin da suka karɓa daga baƙi suka mayar nasu.

Yadda ake yi a can, da yadda ake yi a nan

A Libiya ana kwaɓa gari da ƙwai, a murza shi ya yi siriri kamar takarda, a yanka shi dogo-dogo. Sai a tsoma bakin zaren a cikin mai mai zafi, ana naɗe shi a jikin cokali mai yatsu yana soyuwa, har ya fito kamar fure. Daga nan sai a jefa shi cikin ruwan sukari ko zuma, wani lokaci a barbaɗa masa riɗi. Duk wadda ta taɓa yin dubulan a ƙasar Hausa ta san wannan aiki: kwaɓi mai ƙwai da mai, murzawa har ya yi siriri, yankawa, naɗewa, suya, sa'an nan tsomawa cikin sukarin da aka dafa da lemon tsami ko tsamiya don kada ya daskare. Suna ɗaya, kayan haɗi ɗaya, aiki ɗaya.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, dibla ba ta Musulmin Libiya kaɗai ba ce. Tana cikin shahararrun kayan zaƙi na Yahudawan Libiya, waɗanda suke yin ta musamman a lokacin idinsu na Furim. Wannan idi yakan faɗo a watan Fabrairu ko Maris, kuma suna yin sa ne don tunawa da kuɓutar kakanninsu daga makircin wani waziri mai suna Haman a tsohuwar daular Farisa. Al'adarsu ce a ranar kowane gida ya aika wa maƙwabta da 'yan uwa kwanon kayan zaƙi, kamar dai yadda muke rabon abincin Salla. Yahudawan Tunis da na Maroko ma suna da irin wannan naɗaɗɗen toyi da sunaye dabam, haka nan zuriyar waɗanda aka kora daga Andalus a 1492. Ka'ak da guraiba su ma ana samun su a gidajen Yahudawan Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Na mutanen Halab ta ƙasar Sham ya yi suna, mai gishiri ne da riɗi.

To a nan sai marubuci ya yi hattara. Kada ɗoki ya ɗebe shi ya rubuta cewa Yahudawa ne suka kawo wa Hausawa dubulan. Abin da ke tabbace shi ne, a Tarabulus Musulmi da Yahudawa sun zauna gari ɗaya na ɗaruruwan shekaru, kasuwarsu ɗaya, garin alkamarsu ɗaya, Larabci suke yi dukkansu. Abin da maƙwabciya ta soya da azumi, shi ɗayar take soyawa ranar idinta. Dibla abincin gari ce. Kuma daga wannan gari ne ayari yake tasowa ya nufo ƙasar Hausa.

Hanyar ayari

A ƙarni na 19 manyan hanyoyi biyu ne suka haɗa Tarabulus da ƙasashenmu. Ta farko takan bi ta Gadamus da Gat, ta ratsa Asbin, ta sauko Damagaram, ta ƙare a Kano. Ta biyu takan bi ta Murzuk da Bilma, ta sauka Kukawa a Barno. Raƙuma sukan kawo tufafi da takarda da sukari da turare da duwatsun ado, su koma da jemammun fatu da hauren giwa da gashin jimina da baƙin yadin Kano, da kuma bayi, abin da bai kamata mu ɓoye ba. A can bakin teku, attajiran Yahudawan Tarabulus suna cikin masu zuba jari a wannan ciniki, musamman na gashin jimina da ake kaiwa Turai. Amma masu ratsa hamadar da masu zama a Kano, galibinsu Larabawa ne da mutanen Gadamus, Musulmi.

Waɗannan fatake ba zuwa kawai suke yi su koma ba. Sun kafa gidaje, sun yi aure, sun hayayyafa. Har yau a birnin Kano akwai Dandalin Turawa, kuma a wancan zamani Larabawa ake nufi da Turawa. Akwai unguwar Alfindiki, wadda sunanta ya fito daga funduƙ, watau masaukin fatake. Balaraben da ya saba da alkama ba zai daina marmarinta ba don ya sauya gari. Sai ya koya wa matarsa Bahaushiya ko kuyangarsa yadda ake sarrafa ta, ita kuma ta koya wa 'yarta, 'yar ta tafi da sanin gidan miji. A ganina ta wannan ƙofa ce dibla ta zama dubulan. Ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan mata ba, amma su ne suka yi aikin.

Muna da shaidar ido kan tsufan abin. Baturen Birtaniya Kilafaton, wanda ya taso daga Kukawa ta hanyar Katagum ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, ya bayyana kasuwar birnin a littafin tafiyarsa. Cikin abin da ya gani har da abincin alkama iri uku da ake sayarwa: wani mai taushi kewayayye, wani murɗaɗɗe, wani kuma ƙanana masu kumburi da ake zuba musu zuma da man shanu. Duk Bahaushen da ya karanta wannan, zuciyarsa za ta kai shi ga gurasa da alkaki da funkaso. Ke nan shekara ɗari biyu da suka wuce waɗannan abubuwa sun riga sun fita daga gidajen baƙi sun shiga kasuwa.

Alkaki ya isa misali kan yadda matan Hausa suka mayar da baƙo ɗan gida. Ka'ak na can gasa shi ake yi, busasshe ne. Namu kuwa da ɓarzajjiyar alkama ake yin sa, a kwaɓa a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sa ɗan ruwan kanwa, a murɗa shi, a soya, sa'an nan a jiƙa shi da zuma har ta ratsa cikinsa. Sunan ne ya zo daga arewa. Ɗanɗanon a nan aka haife shi.

Wannan hanya ta mutu a farkon ƙarni na 20. A 1911 Italiya ta auka wa Tarabulus, a wannan shekarar kuma layin dogo ya iso Kano. Kayan da raƙumi ke wata da watanni yana ɗauka sai jirgin ƙasa ya kawo cikin kwanaki. Duk da haka zumuncin garuruwan biyu bai yanke nan take ba. Ɗaya daga cikin manyan masu sayen gyaɗa a Kano kafin Yaƙin Duniya na Biyu shi ne Saul Raccah, Bayahude mutumin Tarabulus. Amma kafin zuwansa, alkaki ya daɗe da zama ɗan gari.

Ina Haɗeja ta shigo?

Mai karatu zai ce, to duk wannan labarin Kano ne, ina ruwan Haɗeja? Ruwanta biyu ne. Na farko, Haɗeja tana tsakanin Kano da Barno, watau tsakanin bakin hanyoyin nan guda biyu. Fatake da malamai da amare suna kai da kawo ta cikinta, kuma abin da ya shiga gidan sarauta ko na attajiri a Kano ko Kukawa ba ya daɗewa bai iso ba. Bayan an buɗe layin dogo na Kano zuwa Nguru a 1930, tashar Malam Madori ta ƙara kusanto da ita.

Na biyu, kuma shi ne babba, Haɗeja tana da abin da alkama take so. Alkama ba ta son zafin damina. Sanyi take so da ruwa a gindinta. A ƙasar Hausa ba a samun waɗannan biyu tare sai a fadama da hunturu. Kogin Haɗeja, wanda ruwan Kano da na Challawa suke haɗuwa su haifar, yakan cika da damina ya malala cikin fadamu, daga Auyo har Kirikasamma da Guri, ya nufi Nguru. Idan ruwa ya janye sai ya bar ƙasa mai danshi. A nan manomi yake shuka alkama wajen watan Nuwamba, ya girbe ta wajen Maris. Kafin zuwan injin ban ruwa, da jigo ake ɗebo ruwan, guga bayan guga, fangali bayan fangali. Wahalar wannan aiki ita ta sa alkama ta yi tsada, tsadarta kuma ita ta sa ta zama abincin sarakuna da attajirai da ranar biki. Shi ya sa uwar da ta cika wa 'yarta kwalla da alkaki ta fita kunya: gumin mai jigo ne da zumar daji ta tara a wuri ɗaya.

Zamani ya taɓa kogin, ya kuma taɓa alkamar. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. An sami noman rani mai yawa a Kadawa, amma ambaliyar da fadamun ƙasa suka dogara da ita ta ragu, lokacinta ya rikice, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Ta ɗaya gefen, tun da aka fara niƙa alkamar waje a Apapa a 1962, farar fulawa ta mamaye kasuwa, burodi ya zama abincin kowa. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama, manoman fadama suka duƙufa, aka sayi injinan ban ruwa. Da aka ɗage hanin bayan 'yan shekaru sai farashi ya karye, da yawa suka koma shinkafa. A 2023 aka buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗeja a Auyo, a ƙarshen shekarar kuma a ƙasar Haɗeja aka ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa baki ɗaya. Jigawa ta zama ɗaya daga cikin jihohin da ke kan gaba a wannan noma. Amma har yanzu mafi yawan alkamar da Nijeriya take ci daga waje take zuwa.

Ga abin takaici a nan. Alkama ta dawo fadama, amma hannun da ya san sarrafa ta yana ƙarewa.

Yadda ake gane na ƙwarai

Da na koma biyan dattijuwar nan kuɗinta, na ce, "Iya, me ya raba naki da na yara?" Ta ce, "Haƙuri." Sa'an nan ta warware mini. Dubulan na ƙwarai idan ka ɗaga shi ba shi da nauyi, idan ka gutsura sai ka ji ƙaras, kuma sukarin bai yi masa farin ɓawo ba. In ka ga mai ya fito a takardar da aka ɗora shi, to wutar ba ta kai ba aka zuba shi. Alkaki kuwa a karya shi a duba ciki: in tsakiyar fara ce busasshiya, zumar ba ta ratsa ba, an tsame shi da wuri. Wanda aka yi da tsantsar fulawa, ba alkamar da aka ɓarza ba, yakan yi laushi kamar fanke, ba ya kuma daɗewa. Na ƙwarai yakan yi watanni a cikin kwalla bai canza ba, shi ya sa amarya take ta fitar da shi tana ba baƙi har ta saba da gidan miji.

Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce kakarta. Na ce ita kuma fa? Ta ce a gidan da ta yi aure na fari ta gani. Na ce cikin jikokinta wa ya iya? Sai ta yi shiru, can ta ce, "Suna makaranta, Allah Ya yi musu albarka. Sun ce hayaƙi yana sa musu ciwon ido." Ba ta faɗi haka da fushi ba. Amma na fito gidan jikina a sanyaye.

Darasi daga Tarabulus

Yahudawan Libiya sun kai kimanin mutum 38,000 a 1948. Tsakanin 1949 da 1951 fiye da 30,000 suka yi ƙaura zuwa Isra'ila, sauran kuma suka fice bayan yaƙin 1967, da yawansu zuwa Italiya. Yau ba sauran al'ummarsu a Libiya. Sun rasa unguwanninsu da shagunansu, jikokinsu da yawa ba sa jin Larabcin kakanninsu. Amma dibla ba ta ɓata ba. Suna yin ta a birnin Rum da garuruwan Isra'ila duk lokacin idinsu, kuma sun rubuta yadda ake yin ta a littattafai, da awonta da labarinta. Ko me mutum yake gani game da siyasar Gabas ta Tsakiya, wannan darasi ne da ya kamata a ɗauka: mutanen da suka rasa ƙasa sun riƙe abincinsu domin sun rubuta shi. Mu da muke zaune a garin kakanninmu, kogi yana gabanmu, alkama tana gonarmu, muna gab da sakin namu domin mun raina shi.

Laifin har da mu marubuta. Sau nawa muka karanta littafin soyayya inda tauraruwa ta jera wa saurayi kayan ciye-ciye masu sunayen da ko marubucin bai taɓa ɗanɗanawa ba? Sau nawa aka yi bikin amarya a labari, aka ɓata shafi biyar kan lefe da motoci, aka wuce gara da layi ɗaya? Masu rubuta tarihin Haɗeja kuma sun ba mu labarin Sarki Sambo da Sarki Buhari, da yaƙin 1906 wanda Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikinsa. Wannan duk wajibi ne a sani. Amma ranar da aka dawo daga yaƙi ma an ci abinci, kuma wata ce ta dafa.

Kammalawa

Shawarata ga matasa masu sha'awar rubutu ita ce, kowa ya ɗauki littafi da alƙalami ya je wurin tsohuwar gidansu tun tana da rai. Ya tambaye ta sunan kowane abu da ke cikin gara, da kayan haɗinsa, da awonsa da gwangwani ko mudu, da wanda ya koya mata, da garin da waccan ta fito. Ya rubuta da kalmominta, kada ya gyara mata Hausa. Idan mutum ashirin daga Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim da Dutse suka yi haka, ƙungiya za ta sami littafin da babu irinsa. Tsohuwar zuma aka ce da ita ake magani, amma sai in an adana ta.

Ni dai na fara. Na koma wurin Iya sau biyu, na cika shafi goma sha ɗaya. A zuwa na biyu na tafi da 'yata, ta zauna kusa da murhu tana share hawayen hayaƙi, ta naɗe dubulan na farko a rayuwarta. Ya fito a karkace. Iya ta ɗaga shi ta duba, ta ce, "Haka nawa na fari ya yi. Sake wani."

Allah Ya sa mu dace, amin.